Itatuwa miliyan 200 da ba wanda ya dasa su

Duk ranar 3 ga Agusta mun san abin da za a gani. Manya za su fito da manyan riguna, a tona rami, a yage leda, a sa ɗan itace, a zuba masa ruwa da buta, masu hoto su ɗauka. Tun 1975 ake yin haka a Nijar. Ni ma na yi nawa dashen muna 'yan makaranta, dogon yaro biyu a bayan aji. Kafin a gama girbi akuya ta cinye kan ɗaya. Ɗayan kuma gara ta ci shi ta ƙasa, muka iske shi tsaye kamar lafiya lau, ana taɓa shi ya faɗi.

Amma wanda ya shiga mota daga Maraɗi ya nufi Tasawa, ya bi ta Agye da Gazawa, zai ga gonaki cike da itatuwa hagu da dama: gawo, kalgo, aduwa, magarya, ga sabara birjik. Tambayi duk dattijon da ya haura sittin, zai ce maka a farkon shekarun 1980 mutum kan tsaya bakin garinsu ya hango rumbunan garin gaba, ba abin da ya tare masa ido. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 ne suka dawo a kan hekta miliyan 5 na gonakin kudancin ƙasar nan, mafi yawansu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kusan dukansu ba su taɓa shiga leda ba, ba wanda ya ɗauko masu ruwa a jarka. Daga ina suka fito, kuma me ya sa sai da aka shekara wajen ashirin kafin duniya ta lura?

Sai an fara sanin yadda gonakin suka zama fili fetal. Fari yana da nasa laifi, na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa ba adadi. Yawan jama'a ma ya sa gatari ya shiga inda bai saba shiga ba, aka daina barin gona ta huta. Ga gyaɗa, wadda ta gina Maraɗi tun zamanin Turawa, ta zo da koyarwar cewa manomin ƙwarai shi ne mai gona tsaf, ba kututture ba toho, yadda garmar shanu za ta wuce ba tuntuɓe. Kowace bazara kafin ruwan shuka sai a fita sassabe, a sare duk abin da ya tsiro, a tara a cinna wuta. Wanda ya bar toho a gonarsa malalaci ake ce masa.

Sai kuma doka, kuma a ganina ita ce uwar matsalar. A 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, Nijar ta gaji ruhinta, ta sake rubuta ta a 1974. A ƙarƙashinta akwai jerin itatuwan da aka hana taɓawa, gawo na ciki, ko da a tsakiyar gonar da ka gada wurin kakanka suke. Ka sare reshe ba takarda, tara ta hau kanka. An yi dokar don a kare itace, sai ta koya wa manomi wani lissafi daban: icen da ya girma a gonarka ya zama na gwamnati, ya kuma zama dalilin da mai kaki zai zo ƙofar gidanka. Mai hankali sai ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin kowa ya gani. Haka mutane suka yi, kuma ban ga laifinsu ba.

A cikin wannan hali wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980, yana aiki da mishan ta SIM. Aikinsa shi ne irin wanda kowa ke yi a lokacin, rainon itatuwa a leda da kai su ƙauyuka. Mafi yawansu mutuwa suke, don tsiron leda jariri ne: saiwarsa ba ta fi tafin hannu ba, a nannaɗe, kuma an ajiye shi gaban wata takwas na rani, da iska mai yashi, da awakin gari duka. Shi da kansa ya sha ba da labarin ranar da abin ya juya a 1983. Yana tafe da mota ɗauke da tsirrai, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan kurmin nan da ke warwatse a gonaki, waɗanda ya sha wucewa yana ɗaukarsu ciyawar banza. Ya matsa ya duba ganyen, ya ga ganyen itace ne. Kututture ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa na raye a ƙasa, kowace shekara yana fitar da toho, kowace shekara ana sassabe shi. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina har iyakar ganinsa.

Kada a ɗauka Bature ne ya gano kututture na toho. Wace tsohuwa ce mai zuwa itace ba ta san wannan ba? A yankin Magarya da Matamai da Mirya mutane ba su taɓa rabuwa da gawo ba, har ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare shi. Abin da Rinaudo ya yi shi ne ya ɗauki abin da muhimmanci a lokacin da masu ilimin boko da masu kuɗin agaji duk hankalinsu na kan leda, ya kuma nace har mutane suka riƙa kiransa mahaukacin Bature.

Aikin kansa ba wuya, mu nan sassaben zamani muke ce masa. Na tsaya na kalli kawuna yana yinsa a gonarsa da ke gabas da Agye, a watan Mayu, rana na dukan ƙeya. Ya iske kututturen kalgo mai toho wajen ashirin, duk sirara kamar tsinken tsintsiya, suna ta gasar tsawo ba wanda ke cin nasara. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya kama guda uku da suka fi miƙewa da kauri, ya riƙe su da hagu, ya bi sauran da adda. Sannan ya share rassan ƙasa na ukun nan har zuwa rabin tsayinsu, yana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya ciro tsumma ja daga aljihu ya ɗaure a jikin ɗaya. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Shaida ce, ɗana. Duk wanda ya gani ya san iccen ga yana da mai shi." Abin da ya sare bai ƙone ba, ya shimfiɗa shi nan ƙasa don ya tare yashi, sandunan kuma yara suka kai gida. Duka aikin bai kai minti biyar ba.

Dalilin da ya sa yake ci a fili yake. Saiwar da ta shekara talatin ko hamsin tana nutsawa ta riga ta isa inda danshi yake, ta kuma tara abinci. Da, ƙarfin nan rabuwa yake tsakanin toho ashirin, kuma duk shekara a mayar da su sifili. Yanzu ya taru kan uku. Shi ya sa cikin shekara biyu zuwa uku sai ka ga itace ya fi mutum tsawo, alhali tsiron leda na nan yana fama da ransa. Wasu kuma daga iri suke fitowa, musamman gawo, wanda 'ya'yansa ke bi ta cikin akuya ko saniya su faɗo cikin taki a shirye da tsirowa. Nasu kawai a gan su lokacin noma a kauce masu da hauya.

Gawo shi ne abin mamakin ƙasar nan da muka saba da shi har muka daina mamaki. Yawancin itace na yin ganye da damina ya kaɗe da rani, shi kuma ya juya lissafin. Ruwa na sauka ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, sai kaka ta yi ya yi kore shar, ya riƙe ganyen har ƙarshen bazara. Abin da ke ba shi wannan dama shi ne doguwar saiwa da ke sauka mita da yawa zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka bai damu da ruwan sama ba kamar sauran. Ga manomi kuwa, da a ce shi aka ba damar ƙera itace da hannunsa, da wuya ya ƙera wanda ya fi wannan. Lokacin da hatsi ke neman rana, gawo ba ya yi masa inuwa. Ganyen da ya zubar ya ruɓe daidai lokacin shuka. Dangin wake ne, a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne dai abin da muke saye da tsada a buhun takin zamani. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yan, su bar kashinsu a wurin. Ba sai an kawo ma'auni ba, duk wanda ya taɓa yankan hatsi ya san zangarniyar gindin gawo daban take.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne sabara, da muke raina wa, maganin masu jego da makamashin talaka. A Senegal masana sun daɗe suna lura cewa hatsin da ke kusa da ita ya fi jure fari, suka so su san dalili. A wani bincike da aka wallafa a 2018, sun shayar da zurfafan saiwoyinta wani ruwa mai alama, irin wanda ake iya gane shi a ɗakin gwaji, ba tare da ya taɓa ƙasar sama ba. Cikin 'yan sa'o'i zuwa kwanaki kaɗan suka sami alamar a jikin hatsin da ke gefe. Ga yadda abin ke faruwa. Da rana ganyen sabara na fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofi, wannan ke jawo ruwa daga ƙasa zuwa sama. Da dare ƙofofin su rufe, amma ruwan da saiwar ƙasa ta ɗauko bai tsaya ba, sai ya tsiyaye ta ƙananan saiwoyin sama zuwa cikin busasshiyar ƙasar da ke kewaye. Hatsi na nan da tasa saiwar, ya sha. Wato shekara da shekaru muna cinna wa mai ban ruwan dare wuta kowace bazara.

Duk da haka, sanin amfani bai isa ya sa mutum ya bar itace ba, kuma tarihin abin ya nuna haka ƙarara. A 1984 yunwar da mutanen nan suka sa wa suna El-Buhari ta faɗo, ga fari ga iyakar Najeriya a rufe. A shekarar ce aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan Maraɗi, zamanin shugaba Seyni Kunce. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka wajen ɗari bisa sharaɗin kowa ya bar toho a gonarsa, aka bar itatuwa kusan dubu 500. Da aka daina rabon, mafi yawan mutanen suka koma suka sare nasu. Wanda ya bar itace don tiyar dawa, ranar da tiya ta ƙare gatari zai ɗauka.

Waɗanda suka bar nasu su ne suka ɗauki abin suka kai shi inda yake yau. Sun ga iska ba ta binne masu shuka kamar da, ba sai sun yi shuka sau uku ko huɗu ba. Sun ga matansu sun huta da tafiyar rabin yini neman itace. Sun ga ana loda sanduna a amalanke a kai kasuwa a dawo da kuɗi. Kuma a daidai lokacin hannun hukuma ya yi sanyi. A yankin Maraɗi an samu fahimta da ma'aikatan daji cewa wanda ya raini itace a gonarsa ba za a ci shi tara ba in ya amfana da shi. Kunce ya rasu a 1987, ƙasa ta shiga matsin kuɗi da rikicin siyasa na shekarun 1990, masu sintiri a ƙauyuka suka ragu. Abin dariya ne amma haka yake: raunin gwamnati ya yi wa itace abin da ƙarfinta ya kasa. Doka daga baya ta biyo sawu, da kundin dokokin karkara na 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, har zuwa 2020 da aka fitar da dokar da ta tsara sassaben zamani ta kuma amince da haƙƙin mai gona kan abin da ya raina. Jan tsumman kawuna ya riga takardun nan duka.

Saura tambaya ta biyu, yadda aka yi itatuwa miliyan 200 suka ɓuya. A cikin shekarun nan duka rahotannin duniya cewa suke Nijar na asarar daji, kuma ta wata fuska ba ƙarya suka yi ba. Matsalar tana ga ma'anar kalmar. A ma'aunin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daji shi ne fili da ya wuce rabin hekta, mai itatuwan da suka haura mita 5, da inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma ba gona ba. Kalmar ƙarshen nan ta fitar da mu gaba ɗaya. Gawo arba'in a gonar hatsi ba daji ba ne, saboda haka ba mai ƙirga su. Taurarin ɗan'adam na lokacin ma idonsu bai kai ba: a hoton Landsat kowane ɗigo ɗaya fili ne mai mita 30 a kowane gefe, itace guda a tsakiyarsa narkewa yake cikin launin yashi.

Sai wajen 2004 zuwa gaba Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, da masanin daji ɗan ƙasar nan Mahamane Larwanou da abokan aikinsu suka bi abin da hotunan jirgin sama da tafiya ƙasa. Suka ɗora hotunan 1975 kusa da sababbi, garin nan dai, gonakin nan dai, mutane sun ninka amma itatuwa sun ninka fiye da su. Daga aikinsu adadin hekta miliyan 5 ya fito. Akwai wani adadi da ake yawan haɗawa da shi, wai ƙarin hatsi tan dubu 500 a shekara. A riƙe shi da hannu biyu amma a san asalinsa: an ɗauka kowace hekta ta ƙaru da kilo 100 ne aka ninka da miliyan 5. Lissafi ne mai ma'ana, ba wanda ya bi rumbu-rumbu da sikeli.

Yanzu ido ya ƙara kaifi. A 2020 wata tawaga ƙarƙashin Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen, tare da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi amfani da hotunan da ɗigonsu bai wuce rabin mita ba. Brandt ya zauna ya zagaye itatuwa kusan dubu 90 ɗaya bayan ɗaya da hannunsa a kan allo, har kwamfuta ta koyi kamannin itace da inuwarsa, sannan aka sake ta ta ƙirga sauran. Ta samo biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da taswira ke nunawa kamar ba komai. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka samu kusan biliyan 10. Namu na ciki.

Akwai masu cewa duk wannan ruwan sama ne kawai, tunda damina ta ɗan gyaru bayan shekarun fari. Ruwa ya taimaka, ba musu. Sai dai ruwa ba ya sanin iyakar gona, kuma kowa ya sha ganin gonaki biyu maƙwabta, ɗaya kamar lambu ɗaya kamar filin ƙwallo. Inda nake ganin ya kamata a rage zaƙin baki shi ne wajen masu nuna abin kamar an gama. Ba a gama ba. Sassaben zamani sai inda kututture ko iri ya rage, ƙasar da ta zama faƙo sai an yi mata wani aikin. Itatuwan da suka dawo kaɗan ne daga irin da aka rasa, ƙirya da ɗanya ba su dawo kamar sabara da kalgo ba. Wanda ke noman aro ko jingina ba ya son wahala kan icen da ba shi zai ci ba, mata da yawa kuma ba su da gonar kansu. Ga rigima da makiyaya masu sassako rassa da rani, wadda ƙauyuka irin Ɗan Saga suka rage ta hanyar kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da mata da Fulani. Ga birnin Maraɗi da ke cin itacen girki kullum, mai sa ɓarawo ya shiga gonar mutum da tsakar dare. Kawuna ma an yi masa, aduwa biyu da ya shekara shida yana raino, ya wayi gari sai kututture.

Da na koma wurinsa bayan sallar layya na buɗe masa hoton gonarsa daga sama a wayata. Ya karɓa ya nisanta ta da ido, ya juya ta har gabas ta koma inda yake so. Nan take ya gane hanyar shanu, ya gane gawon da ke kan iyaka, ya bi sauran da ɗan yatsa yana kiran kowane da inda yake. Sai ya tsaya.

"Ina sabarata? Ta fi ɗari a nan wajen."

Na ce masa ƙanana ba sa fitowa sosai, ko kwamfutar masu ƙirgar sai inuwar itace ta kai wani girma take sa shi a lissafi.

"To ba su gama ƙirga ba ke nan," ya ce, ya miƙo mini wayar. Ya tambaye ni ko hoton na nuna wanda ya sare masa aduwa. Na ce a'a, Kawu, tsohon hoto ne. Ya duba da kyau, sai ga su nan su biyu a kusurwar yamma, da inuwarsu, tun kafin a sare. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki addarsa ya ce in biyo shi in gani, kututturen sun riga sun fitar da toho, yana son ya zaɓi waɗanda zai bari kafin a saki dabbobi.